Dalilan Tashin Zuciya da Amai a Lokacin Ɗaga Ƙarfe

Gabatarwa

Ɗaga ƙarfe ya zama ruwan dare tsakanin samari a manyan garuruwa. Wasu suna zuwa gidajen motsa jiki masu na'urori, wasu kuwa siminti suke zubawa a gwangwanaye biyu, su haɗa su da sandar ƙarfe, su samu abin ɗagawa a zaure ko a kango. Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san wani abu da yakan faru. Mutum yana tsakiyar atisaye mai tsanani, musamman na ƙafafu, sai ya ji yawu ya cika masa baki, gumi mai sanyi ya keto masa, idanunsa su yi duhu, zuciyarsa ta tashi. Wani idan ya zauna sai abin ya lafa, wani kuwa sai ya amayar da abin da ya ci.

Da yawa daga cikin masu wannan wasa sun ɗauki amai a matsayin shaidar jarumta. A wani fim mai suna Pumping Iron da ya fito a 1977, Arnold Schwarzenegger ya faɗi cewa ya sha yin amai a lokacin atisaye, kuma bai ɗauki hakan a bakin komai ba. A shekarun 2000, masu tsarin motsa jikin nan na CrossFit a Amurka har zanen wani wawa yana amai suka riƙa yaɗawa don raha. Ilmin halittar jiki kuwa ya nuna cewa amai ba ya ƙara wa tsoka ko ƙwayar zarra. Ƙorafi ne jiki yake yi, yana da dalilai sanannu, kuma akasarinsu ana iya kauce musu. A wasu lokuta ma alama ce ta haɗarin da yake iya kai mutum asibiti.

Yadda jiki yake shirya amai

Bahaushe ya kira wannan yanayi tashin zuciya, wasu kuma sukan ɗora laifin a kan tumbi. Umarnin amai dai daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, daga gindinta da yake daidai ƙeya, inda take haɗuwa da laka. A nan ne ake kula da numfashi da bugun zuciya da haɗiya, a nan ne kuma rahotanni suke taruwa game da duk abin da zai iya zama guba ga jiki.

Ta ƙofofi huɗu rahotannin suke shigowa. Ta farko ita ce wata doguwar jijiyar saƙo mai suna bagus, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har zuwa tumbi da hanji. Idan wani abu ya dami bangon hanji, sai wasu ƙwayoyin halitta da suke cikinsa su saki sinadarin sirotonin, shi kuma ya tsokano wannan jijiya. Kimanin kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake. Ƙofa ta biyu jini ne. Yawancin ƙwaƙwalwa tana da shinge da yake hana abubuwan da suke yawo a jini isa gare ta, amma akwai wani ɗan wuri a gindinta da ba shi da wannan shinge, aikinsa ɗanɗana jini. Herbert Borison da Shih-Chun Wang na Jami'ar Columbia a Amurka su ne suka bayyana aikinsa a farkon shekarun 1950, bayan sun ga cewa karen da aka cire wa wurin ba ya amai ko da an yi masa allurar wani magani mai sa amai. Ƙofa ta uku cikin kunne ce, inda ake auna daidaiton jiki, ita ce take sa wasu amai a mota. Ta huɗu kuwa saman ƙwaƙwalwa ne, inda wari da tsoro da azabar ciwo suke aiko da nasu saƙon.

Idan rahotannin suka yi yawa, sai a ba da umarni. Yawu ya kwararo, mutum ya ja dogon numfashi, hanyar huhu ta rufe, ƙaramin hanji ya maido da abin da yake cikinsa zuwa tumbi, bakin tumbi na sama ya saki. Daga nan sai tantanin da ya raba ƙirji da ciki da tsokokin ciki su matse tumbi da ƙarfi. Tumbin kansa ba shi da wani babban aiki a wannan turi. François Magendie na Faransa ya nuna haka tun a 1813, lokacin da ya cire tumbin kare ya sa mafitsarar alade a madadinsa, kuma karen ya yi amai. Waɗannan tsokoki masu matse tumbi su ne dai mai ɗaga ƙarfe yake ɗaurewa a duk lokacin da ya ɗauki nauyi.

Rabon jini tsakanin tsoka da hanji

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5, kuma idan yana hutawa zuciyarsa tana harba kusan lita 5 a minti ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan yana tafiya ga tumbi da hanji da hanta da saifa. Tsokoki kuwa, duk da cewa su ne kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin jiki, abin da suke samu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba.

Da zarar an shiga aiki mai tsanani, sai rabon ya sauya. Zuciya tana iya harba lita 20 zuwa 25 a minti, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan tsokoki ne suke kwashewa. Tun da jinin bai ƙaru ba, dole a rage wa wani a ba wani. Jijiyoyin saƙo masu shirya jiki don faɗa ko gudu, tare da sinadarin adirenalin, sai su tsuke hanyoyin jinin da suke zuwa kayan ciki. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya fara lura da irin wannan a ƙarshen shekarun 1890, lokacin da yake kallon tumbin kyanwa da hasken esre: da kyanwar ta tsorata ko ta fusata, sai motsin tumbinta ya tsaya cik. A 1964 kuma Loring Rowell da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka auna abin a jikin mutane masu atisaye a kan na'urar gudu, suka tarar jinin da yake ratsa kayan ciki yana raguwa gwargwadon tsananin aiki, har raguwar takan kai kusan kashi 80 cikin 100.

Sakamakon wannan iri biyu ne. Na farko, tumbi yakan yi nawa wajen tura abinci zuwa hanji, saboda haka abin da aka ci sai ya zauna yana kai da kawowa. Na biyu, bangon hanji da aka rage wa iskar oksijin sai ya fara aika ƙorafi ta jijiyar bagus. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, haka jiki ba ya iya narkar da tuwo da ɗaga buhun siminti a lokaci ɗaya. Wani bincike da aka yi a Japan aka buga a 2001 ya gwada mutane a kan keken motsa jiki, ya nuna cewa tashin zuciya ya fi tsanani idan aikin ya yi ƙarfi, ya kuma ƙara muni idan an fara shi nan take bayan cin abinci.

Wannan ne ya sa atisayen ƙafafu ya fi kowanne yin ƙaurin suna. Tsokokin cinya da na ɗuwawu su ne mafi girma a jiki. Mai lanƙwasa hannu da ƙaramin ƙarfe ɗan jini kaɗan yake buƙata, amma mai tsuguno da ƙarfe a kafaɗa sau 15 ko 20 a jere, ko mai tura nauyi da ƙafafu biyu, ya buɗe wa jini babbar hanya, kuma kayan ciki ne suke biyan kuɗin.

Tsami a cikin jini

Tsoka tana samun kuzari ta hanyar ƙona sukari. Idan aikin ya yi sauri da tsanani, sai ta koma ga hanyar gaggawa ta fasa sukari, wadda take ba da kuzari nan take, amma take tara sinadarin laktet da ƙwayoyin haidirojin masu sa tsami. Laktet ɗin da yake cikin jini yana iya ninkuwa sau 10 ko fiye bayan 'yan zubi masu tsanani da gajeren hutu. Ma'aunin tsamin jini, wanda ake kira pH, yana kan 7.4 a lokacin hutu, amma yana iya sauka zuwa 7.2 ko ƙasa da haka. Jiki yakan mayar da martani da haki, domin fitar da iskar kabon ta numfashi yana rage tsamin.

A da an ɗauki laktet a matsayin shara, har ana ɗora masa laifin ciwon jikin da yake zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ayyukan George Brooks na Jami'ar Kalifoniya tun daga shekarun 1980 sun nuna cewa makamashi ne da zuciya da tsokoki suke ƙonawa, hanta kuma take mayar da shi sukari, kuma cikin kimanin awa ɗaya yakan koma daidai. Duk da haka, a 'yan mintocin da tsami da adirenalin suke kan ganiyarsu, jinin da yake isa ga ɗan wurin nan mai ɗanɗano ya sha bamban da wanda ya saba ji. Shi ya sa sau da yawa tashin zuciya ba ya zuwa sai an ajiye ƙarfe da minti ɗaya ko biyu, lokacin da abin da ya taru a tsoka ya kwararo cikin jini.

Riƙe numfashi da matsin ciki

Mai ɗaga nauyi yakan cika ƙirjinsa da iska, ya rufe maƙogwaro, ya yi yunƙuri. Masana suna kiran wannan yunƙurin Valsalva, da sunan wani likitan Italiya, Antonio Maria Valsalva, wanda ya bayyana shi a 1704. Yana da amfani, domin matsin da yake tarawa a ciki yana tallafa wa ƙashin baya. Sai dai matsin yana danna tumbi, har ya fi ƙarfin bakinsa na sama, ruwan tsami ya hauro maƙoshi. Wannan shi ne ƙwannafi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya kwatanta masu gudu da masu tseren keke da masu ɗaga ƙarfe, ya tarar masu ɗaga ƙarfe sun fi sauran fama da haurowar tsami. Ɗamarar fata da akan ɗaure tamau a ƙugu tana ƙara wa matsin ƙarfi.

Yunƙurin yana wasa da awon jini ma. A 1985 Duncan MacDougall da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada suka sa siririn bututu a hanyar jinin hannun ƙwararrun masu gina jiki su 5. Yayin da suke tura nauyi da ƙafafu biyu, matsakaicin awon jininsu ya kai 320 bisa 250, na mutum ɗaya har ya kai 480 bisa 350, alhali awon mai lafiya a lokacin hutu bai wuce 120 bisa 80 ba. Wannan hawa na 'yan daƙiƙoƙi ne. Da an ajiye ƙarfe an saki numfashi, sai awon ya faɗo gaba ɗaya. Hanyoyin jinin ƙafafu suna buɗe, tsokokin da suke matso jini sama sun daina aiki, saboda haka jini ya taru a ƙasa, wanda yake isa ƙwaƙwalwa ya ragu. Abin da yake biyo baya shi ne jiri da duhun gani da gumi mai sanyi da tashin zuciya, wani lokaci har da suma. Wanda ya miƙe zumbur daga kwance a kan benci ya haɗa wannan da rikita ma'aunin da yake cikin kunnensa.

Zafi da ƙishirwa da abin da aka sha

Tsoka mai aiki tana fitar da zafi, jiki kuma yana sanyaya kansa ta hanyar aika jini zuwa fata da fitar da gumi. Ke nan fata ta shigo cikin masu neman rabo. Mutum yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa ɗaya, kuma daga ruwan jini ake ɗebo shi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, mai atisaye a ɗakin kwano marar iska ya fara ne da giɓi tun kafin ya taɓa ƙarfe.

Shan ruwa ma yana da ƙa'ida. Wanda ya kwankwaɗi lita guda a tsakiyar atisaye ya cika tumbin da ya riga ya yi nawa. Lemun kwalba yana da sukari kimanin kashi 10 cikin 100, yana kuma da iska, duka biyun suna ƙara kumburin ciki. Garin ƙara kuzari da lemun gwangwani masu yawan kafin, wato sinadarin da yake cikin kofi da goro, suna sa tashin zuciya da faɗuwar gaba, musamman a kan yunwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna cin bangon tumbi. Taramol kuwa, wanda wasu suke sha don su jure wahala, amai yana cikin illolinsa na farko, ga farfaɗiya, ga shi kuma yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum.

Lokacin da amai ya zama alamar haɗari

Tashin zuciyar da ya lafa cikin minti 10 zuwa 30 bayan an huta ba abin tsoro ba ne. Amma akwai alamomin da idan sun zo tare da shi, asibiti ya kamata a nufa ba tare da jinkiri ba.

Ciwon ƙirji da yake miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da ƙarancin numfashi, yana iya zama ciwon zuciya. Matsanancin ciwon kai da ya sauko farat ɗaya a lokacin yunƙuri, tare da amai ko sanƙarewar wuya, yana iya zama fashewar hanyar jini a ƙwaƙwalwa. Jini a cikin amai yakan nuna cewa yunƙurin amai ya yaga mahaɗar maƙoshi da tumbi. Wanda jikinsa ya yi zafi zau, ya ruɗe yana sambatu ko tangaɗi, zafi ne ya buge shi, kuma sai a fara kwara masa ruwan sanyi nan take tun kafin a samu mota. Mai ciwon sukari da yake shan magani ko allura, idan ya ji makyarkyata da gumi da tashin zuciya, sukarinsa ne mai yiwuwa ya faɗi. Duk wanda ya suma kuwa a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shiga huhunsa.

Akwai kuma rugujewar tsoka. Idan aka yi wa tsoka aikin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ƙwayoyinta sukan fashe, wani sinadari mai launi da yake cikinsu, mayogulobin, ya malalo cikin jini ya toshe ƙoda. Eric Bywaters da abokin aikinsa sun bayyana irin wannan lalacewar ƙoda a Landan a 1941, a jikin mutanen da gine-gine suka danne lokacin ruwan bama-bamai. Atisaye ma yana jawo ta. A watan Janairu na 2011 an kwantar da 'yan wasan ƙwallon Amurka 13 na Jami'ar Iowa a asibiti, bayan wani atisaye da ya ƙunshi tsuguno da ƙarfe sau 100, suna dawowa daga hutu ke nan. Alamominta sukan bayyana bayan kwana 1 zuwa 3: ciwon tsoka da ya wuce misali, kumburi, kasala, amai, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi.

Wannan ya shafi Nijeriya ta wata fuska, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar yana ɗauke da jini nau'in AS, wato rabin gadon sikila. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan sojojin Amurka baƙar fata kusan 48,000 ya nuna cewa masu wannan jini sun fi sauran haɗarin rugujewar tsoka da kashi 54 cikin 100, ko da yake ba a ga ƙarin mace-mace a cikinsu ba. Mai jinin AS yana iya ɗaga ƙarfe, amma shi ya fi kowa buƙatar kiyaye zafi da ƙishirwa da gaggawa.

Hanyoyin kiyayewa

Abinci mai nauyi, irin su tuwo da miya mai maiƙo, wake, ko soyayyen nama, yana buƙatar awa 3 zuwa 4 kafin ya bar tumbi, saboda haka sai a ba shi wannan tazara. Idan lokaci ya ƙure, ayaba ko 'yan ƙwayoyin dabino ko kofin koko awa ɗaya kafin a fara sun isa. A watan azumi, wanda ya cika ciki da ƙosai da kunu a buɗa-baki ya dakata har abincin ya sauka.

A sha ruwa a hankali tun da rana, a lokacin atisaye kuma a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Fitsari mai haske alama ce ta cewa ruwa ya wadata. A lokacin bazara a zaɓi sanyin safiya ko bayan faɗuwar rana, a wuri mai iska.

A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, domin rabon jini ya sauya sannu a hankali. A fitar da numfashi lokacin da ake tura nauyi, kada a riƙe shi ana ɗagawa sau da yawa a jere. A sassauta ɗamara bayan kowane zubi. A huta minti 2 zuwa 3 tsakanin zubi masu nauyi. Wannan hutu ba ragwanci ba ne: a wani gwaji na mako 8 da Brad Schoenfeld da abokan aikinsa suka buga a 2016, samarin da suke huta minti 3 sun fi masu huta minti 1 samun ƙarfi da kaurin tsoka. Bayan zubi mai tsanani a ɗan zaga a hankali maimakon a tsaya ƙyam. Idan zuciya ta tashi, a dakata. Idan da jiri, a kwanta a ɗaga ƙafafu sama har ya wuce.

Sabon shiga, da wanda ya dawo bayan rashin lafiya ko jarrabawa ko tafiya, ya fara da abin da bai kai ƙarfinsa ba, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Cikin 'yan makonni jiki yakan saba: ruwan jini ya ƙaru, tsoka ta ƙara iya jure tsami, aikin da ya tayar da zuciya a makon farko ya zama ba komai ba.

Kammalawa

Tsoka tana girma ne da nauyin da ake ƙara mata daki-daki, da abinci mai gina jiki, da isasshen barci. Wanda ya yi amai ya zubar da abincin da ya saya da kuɗinsa, ya yi asarar ruwa da gishiri, ya kuma katse atisayensa. Saboda haka mai koyarwa da yake tura yaransa har sai sun yi amai yana auna abin da ba shi ne ma'aunin ci gaba ba, yana kuma koya musu watsi da alamar da wata rana za ta iya zama ta bugun zafi ko ta lalacewar ƙoda. Jiki magayi ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.